An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Sanin kowa ne cewa tun daga watan Agusta na 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, Bahaushe ya yi wa harshensa baƙi da dama. Daga cikin baƙin nan babu wanda ya miƙe ƙafa ya zama ɗan gari kamar kalmar "sabis". Idan kira ya ƙi shiga a ce babu sabis, idan banki ya riƙe wa mutum kuɗi a ce babu sabis, idan kwamfuta ta ƙi buɗe shafi a ce babu sabis. Har ta kai yaran gari sukan ce da wanda aka yi wa magana ya yi shiru, wai sabis ɗinsa ya ɗauke. Ni ba ni da faɗa da aron kalma, don kuwa harshen da ba ya aro ya kusa kwanta dama. Abin da ya dame ni shi ne, kalma ɗaya tak muka ɗora wa kayan da ya kamata a raba wa kalmomi huɗu ko biyar, kuma wannan cunkoso yana jawo wa mutane hasarar kuɗi, da ta lokaci, wani sa'in har da hasarar abin da kuɗi ba ya mayarwa. Dalilin da ya sa na faɗi haka shi ne abin da na gani a Jega da Aliero da Maiyama game da kwamfutar cinya, wato laftof, wadda takan saki wayifai na gida tana cikin aiki.

Kafin in shiga bayani, ya kamata mai karatu ya san irin tafiyar da saƙo yake yi. Mu mutanen Jega jikokin fatake ne. Tun da Muhammadu Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin wajen 1820, kasuwarsa ta zama mahaɗar ayarin da ke zuwa Gwanja ɗaukar goro. Idan goro ya yanke a kasuwa, ɗan kasuwar wancan zamani ba zai tsaya zagin rumfarsa ba, sai ya tambaya a wane zango ne ayari ya maƙale. To haka saƙon intanet yake, zango-zango yake tafiya. Zangon farko gajere ne ƙwarai, daga laftof zuwa 'yar akwatin nan mai ƙyaftawar fitilu da ake kira rawuta, kuma wannan zango kaɗai ne wayifai. Zango na biyu daga rawuta ne, ta hanyar sim da ke cikinta, zuwa turken kamfanin waya da ke tsaye a bayan gari. Daga turke kuma sai saƙo ya bi wayoyin gilashi da aka binne a ƙasa har Ikko, inda yake faɗawa cikin manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin wayoyin nan suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, sai ga mutum a ƙasar Gwandu ya kasa tura kuɗi ta waya saboda abin da ya auku a ƙarƙashin ruwan da bai taɓa gani ba. Duk wanda ya kai kwamfutarsa gyara a ranar nan, taiki ya daka.

A gidanmu na Jega yayana ne ya sayo rawuta, aka ajiye ta a ɗakinsa, aka haɗa ta da batirin sola don kada ta mutu idan an ɗauke wuta. Ni kuwa idan na zo hutu a shagon da ke jikin zaure nake karatu, tsakanina da ita akwai katangar ƙasa biyu, irin ginin da, wanda kaurinsa ya kusa kamu ɗaya. Laftof ɗina ta hannu ce, ta sha duniya kafin ta iso gare ni. Halinta shi ne ta yi aiki lafiya lau na wani lokaci, sa'an nan ba sallama ta saki wayifai. Wani lokaci takan koma da kanta, wani lokaci sai na kashe ta na kunna. A lokacin kuwa ina tattara kayan aikin jinga ne a kan karin harshen yamma, kuma mafi yawan maƙalun da nake bukata sai ta intanet ake samunsu, ga wa'adin miƙa aiki yana matsowa.

Kowa a gidan ya kawo nasa fashin baƙi. Yaya ya ce kamfanin waya ne, a canza sim. Ƙanwata ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar. Baba kuwa da ya ga ina ta kai da komo da ita a tsakar gida, sai ya ce, "Kai, wagga na'ura taka ba ta da lahiya. Kai ta ga mai gyara ka huta mana." Na ce, "To Baba, a ba ni kwana uku tukuna."

Abin da na yi cikin kwanakin nan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Littafin rubutu na ɗauko na ja layi, duk sa'ad da ta yanke in rubuta lokaci, da inda nake zaune, da abin da ke gudana a gidan. Sa'an nan in leƙa in tambayi ƙanwata ko wayarta, wadda ke kan wannan rawuta ɗin, tana aiki. Wannan tambaya ita ce uwar dukan bincike, kuma ba ta cin ko kwabo. Idan waya da laftof suna shan ruwa a rijiya ɗaya, waya ta ƙoshi laftof tana kukan ƙishi, ai ba rijiya ce ta ƙafe ba, guga ne ya yage. Kowane lokaci amsarta ɗaya ce, wayarta lafiya ƙalau. Da wannan kaɗai kamfanin waya ya kuɓuta, turke ya kuɓuta, teku ma ya kuɓuta. Shari'a ta rage tsakanin laftof da katanga.

A rana ta uku da na duba littafin sai na ga wani abu ya fito fili. Kusan duk yankewar ta faru ne jim kaɗan bayan an ɗauke wuta. Da farko abin ya ɗaure mini kai, domin rawuta tana kan sola, ɗauke wuta bai shafe ta ba. Ashe wadda ɗauke wuta ya shafa ita ce laftof. Muddin tana jone da wuta tana sakin ƙarfinta duka, amma da zarar ta koma kan batirinta sai manhajar Windows ta shiga tsimi, ta rage hasken fuska, ta kuma rage wutar da take ba ɗan katin wayifai da ke cikin kwamfutar. Ga wanda ke zaune kusa da rawuta wannan ragi ba ya cutarwa. Ga wanda ke bayan katanga biyu kuwa, wanda daman da ƙyar muryar rawuta ke isowa gare shi, ragin nan ya isa ya tsinke igiya. Waɗanda suka tsara wannan tsimi sun yi shi ne don matafiyi da ke cikin jirgi ko ɗakin taro. Ba su yi lissafi da garin da kwamfuta kan koma kan batir sau da yawa a yini tana zaune a gida ba.

Maganin bai kai minti biyar ba. A cikin tsare-tsaren wutar Windows akwai inda aka ware wa katin wayifai zaɓi biyu, na lokacin da ake jone da wuta da na lokacin batir, sai na mayar da na batir zuwa cikakken ƙarfi. Sa'an nan na shiga wurin da ake kira Dibais Manaja, inda aka jera sunan kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta, na nemo katin, na cire alamar da ta ba Windows izinin kashe shi don tsimin wuta. Batir ya ɗan rage daɗewa, amma igiya ta daina tsinkewa. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Ashe rowa ta ta kashe ta."

Ba a nan aka tsaya ba. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 kamar yadda ya saba a ƙasarmu cikin Afrilu, sai yankewa ta dawo, amma da wata kama. Wannan karon da laftof da wayoyin gidan gaba ɗaya suke faɗuwa tare, kuma tsakanin azahar da la'asar. Tunda kowa ya faɗi, ke nan laftof ba ta da laifi. Na je na taɓa rawuta a kan tagar da Yaya ya ɗora ta don ta fi kama turke, na ji ta kamar dutsen guga, rana ta buge ta ta taga, rufin kwano yana gasa ta ta sama. Idan ta yi zafi ainun sai ta kashe kanta ta sake tashi. Muka sauke ta muka rataye a inuwar baranda inda iska ke ratsawa. Ga mai kallo daga nesa, cutar watan Disamba da ta watan Afrilu ɗaya ce, "babu sabis". Alhali ko dangantaka ba su da ita.

Mutanen Aliero, maƙwabtanmu ta hanyar Sakkwato, abu biyu aka san su da shi tun kafin a kafa jami'ar kimiyya da fasaha a garin a 2006, wadda daga baya aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo: albasa da ɗori. Duk wanda ya taɓa ganin maɗori yana aiki ya san ba ya fara ɗaure karare. Yakan bi gaɓa da yatsa a hankali, yana latsawa yana kallon fuskar majinyaci, har ya tsaya daidai inda ƙashi ya rabu, ya kuma bambance karaya da tsagewa da targaɗe da gocewa. Mai karatu ya lura, sunaye huɗu ke nan ga abin da jahili zai kira ciwon ƙafa kawai, kuma kowane suna da irin aikin da yake kira. Sana'ar da ta daɗe a hannun Bahaushe ta tara kalmomi. Wadda ta zo jiya ce take fama da kalma ɗaya.

A garin nan wani abokina ɗalibi yake haya a gidan wani manomi, su huɗu suka yi karo-karo suka sayi rawuta, aka ajiye ta a ɗakin babbansu. Watanni suna aiki lafiya, sai da aka fara cirar albasa laftof ɗinsa ta fara saki. Da na ziyarce shi na ga abin da ya canza: ɗakin da ke tsakaninsa da rawuta, wanda da yake fayau, mai gida ya cika shi da buhunan albasa har kusa da rufi kafin motocin kudu su zo. Wayifai igiyar rediyo ce, mafi yawanta a kan gigahaz 2.4 take tafiya, kuma ruwa yana shanye ta. Albasa kuwa kusan kashi tara cikin goma nata ruwa ne. Wato katangar ruwa aka gina masa bai sani ba. Aka ɗaga rawuta aka maƙala ta a saman ƙofa ta waje, magana ta ƙare. Haka randunan ruwa da tankin ƙarfe da ƙofar kwano suke yi, kowanne gwargwadonsa. Sababbin rawutoci suna da hanya ta biyu a kan gigahaz 5, ta fi sauri amma ta fi raki a gaban katanga, tsofaffin laftof da yawa ma ba sa ganinta sam. A unguwannin ɗalibai kuma akwai wata matsala ta cunkoso, domin a kan 2.4 tashoshi uku ne kacal ba sa taka juna, wato 1 da 6 da 11, ga shi kowane ɗaki da mai kunna wayifai na wayarsa. Abin ya zama kamar kasuwar albasa da hantsi, kowa na magana ba mai jin wani.

Waɗannan duka abin dariya ne idan aka gwada su da abin da ya sami kawuna a Maiyama, kudu da Jega a kan hanyar Koko da Yawuri. Malamin firamare ne, ya koma ƙaro ilimi bayan shekaru masu yawa yana koyarwa, ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi laftof da 'yar ƙaramar rawutar aljihu. Ya rubuta babi huɗu na kundinsa a ciki, ga kuma sakamakon jarrabawar 'yan ajinsa. Wata rana kwamfuta ta nuna ta kama wayifai, layukan alamar sun cika, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Ya ɗauke ta ya kai wa wani mai gyara a kasuwa. Mai gyara bai tambaye shi ko wayarsa tana buɗe intanet ba, bai gwada kwamfutar a kan wani wayifai ba, sai ya ce ƙwayar cuta ce, sai an yi mata "fomatin". Kawu bai san ma'anar kalmar ba, ya ɗauka wani irin wanki ne. Ya biya, ya koma gida da kwamfuta wadda aka share tas, ba kundi, ba sakamako. Intanet kuma bai dawo ba sai bayan kwana biyu, ya dawo wa kowa da kowa a unguwar a lokaci ɗaya, domin daman turken da ke ba su ne ya sami matsala.

Da na je gaishe shi ya ba ni labari, ban ga fushi a fuskarsa ba, sai kunya, wadda ta fi fushi ciwo ga dattijo. Ya ce, "Ɗana, da ya ce mini shafewa za a yi, ai da na hana." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da Hausa aka yi cinikin nan daga farko har ƙarshe, amma kalma ɗaya da ke ɗauke da dukan haɗarin ita ce aka bari da baƙin harshe. Ban ce mai gyara ya yi da mugunta ba. Na fi zaton shi ma abin da aka koya masa ke nan, guduma ɗaya gare shi, kowace cuta da ita yake bugu. Sai da kawu ya ƙara zangon karatu guda kafin ya sake haɗa abin da ya ɓace daga 'yan takardun da ya rubuta da hannu.

Abin takaici shi ne kwamfutar da kanta tana faɗin inda ke mata ciwo, ga wanda ya san yadda ake tambayarta. Layukan nan masu kama da bakan gizo da ke kusurwar fuska ƙarfin zangon farko kaɗai suke nunawa, ba ruwansu da abin da ke bayan rawuta. Idan sun cika amma shafi ya ƙi buɗewa, sai a duba ko data ta ƙare, ko turke ne. Akwai kuma baƙar taga da ake rubuta umarni a cikinta. Idan aka rubuta ipconfig sai ta nuna lambar da rawuta ta ba kwamfuta, wadda a gidaje galibi takan fara da 192.168. Idan aka ga ta fara da 169.254, to rawuta ba ta ba ta lamba ba ke nan, ita ta laƙa wa kanta, kamar baƙon da mai gida bai ba masauki ba ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Umarnin ping kuwa sallama ce: a yi wa rawuta, in ta amsa zangon farko lafiya, a yi wa 8.8.8.8, wadda lambar wata na'urar Google ce, in ba ta amsa ba ayari ya maƙale a gaba. Idan laifin ya tabbata a kan laftof, akwai sauran wuraren latsawa kafin a kai ga shafewa. A sa ta ta manta da wayifai ɗin a sake shigar da kalmar sirri. A sabunta 'yar manhajar da ke tuƙa katin, wadda ake kira direba. A lura ko yankewar tana zuwa ne idan an motsa murfi, domin eriyar laftof a gefen fuska take, siraran wayoyinta biyu ta cikin maƙogwaron murfi suke bi, kuma a tsohuwar kwamfuta sukan gutsure. In ma katin ne ya mutu ɗungum, akwai ɗan ƙaramin na waje da ake sokawa a gefe, wanda kuɗinsa bai kai na buhun albasa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke taɓa rubutun mutum.

To ina ruwan Sashen Hausa da wannan? A ganina ruwansa ne har wuya. Magabatanmu sun yi irin wannan aiki a zamaninsu. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta zauna ta tace kalmomin mulki da na zamani, malaman jami'o'i kuma suka fitar da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990, wanda albarkacinsa muke karatun nahawu da Hausa a yau ba tare da mun lanƙwashe harshe ba. Kamfanin Microsoft ya fitar da fassarar Hausa ta Windows, amma ba dukan sassa ta game ba, kuma ni dai ban taɓa cin karo da ita a kwamfutar wani mai gyara a Jega ba. Ba ina kira a zauna a ofis a ƙago kalmomi masu tsawon igiyar guga waɗanda ba mai furta su ba ne. Rawuta ta riga ta zama rawuta, a bar ta. Wurin da nake ganin bukata shi ne inda rashin kalma ke cutarwa: a raba yankewar gida da yankewar turke, a raba ƙarewar data da mutuwar kati, kuma fomatin a kira shi da sunansa na gaskiya, shafe-duka, yadda duk wanda aka ce za a yi wa kwamfutarsa zai dafe ƙirji ya ce a dakata ya kwashe kayansa.

Hasali ma ba daga sama za a fara ba, domin masu sana'ar sun riga mu. Na zauna a rumfunan gyaran waya na bakin tashar Jega na saurara, na ji suna cewa waya "ta kama" ko "ta saki", na ji "yana gani ba ya shiga" ga wayifai da ya bayyana amma ya ƙi haɗuwa, na ji "ya shiga ba ya ja" ga irin cutar da ta sami kawu. Waɗannan Hausa ce tsantsa, kuma kowace ta nuna zangonta daidai. Na rubuta sama da ashirin irinsu a bayan littafin nan da na ja wa layi, na kuma nuna wa ɗaya daga cikin malamanmu, ya ce in ƙara da na Birnin Kabi da na Sakkwato a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Da hutun nan mai zuwa zan fara da rumfunan da ke kusa da ƙofar jami'a a Aliero, inda laftof ta fi yawa.